Yadda Ake Tafiya a Ƙaramin Jirgin Ruwa na Alfarma Daga Jidda Zuwa Tsofaffin Garuruwan Bahar Maliya

Mu mazauna Jidda da Makka da Madina, teku tana bakin ƙofarmu, amma yawancinmu iyakarmu da ita shan iska a Kurnish, titin bakin teku, ranar Juma'a da yamma. Ba laifinmu ba ne, yawon jirgin ruwa sabon abu ne a ƙasar nan. Sai a Agustan 2020 jirgin Silver Spirit ya fara ɗaukar 'yan shaƙatawa a gaɓar Saudiyya, a 2021 aka kafa kamfanin Cruise Saudi, sannan a Disambar 2024 jirgin AROYA ya fara tashi daga Jidda. AROYA babba ne, mutum sama da 3,000 yake ɗauka. Waɗanda nake magana a kansu su ne ƙanana, irin Emerald Azzurra mai ɗaukar mutum 100, ko jiragen Ponant masu 184, ko Scenic Eclipse mai 228. Shirya wa mutane irin wannan tafiya da raka su shi ne sana'ata, kuma abin da na lura da shi shi ne sabon shiga yakan ɓata lokacinsa wajen kallon hoton ɗaki da wurin wanka, alhali abu biyu ne ke gyara tafiyar ko su ɓata ta: takardunka, da yawan awannin da jirgin zai tsaya a kowace tasha.

Abubuwan da za ka tanada

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida daga ranar dawowa, da shafuka farare da ba a buga wa hatimi ba. Igama, wato katin izinin zama, mai rai da bizar huruj da auda, wato ta fita da dawowa, idan kai ba ɗan ƙasa ba ne. Bizar Masar da ta Jodan. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, idan ba ka jima da dawowa daga gida ba. Inshorar tafiya wadda ta rubuta a fili cewa za ta biya kuɗin ɗauke mara lafiya daga jirgi zuwa asibiti. Katin banki na Visa ko Mastercard, da ƙananan daloli a hannu.

Sai kayan jiki: takalmi mai rufi wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, rigar sanyi ɗaya mai kauri, hula mai baki ko laima, tabarau na rana, gorar ruwa, ƙaramar jakar goyo, da darduma marar nauyi. Magungunanka su kasance cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita. Kaftani ko babbar riga ɗaya mai kyau ta isa cin abincin dare, ba wanda zai ce sai ka sa kwat. Mata su haɗa da doguwar riga da wando a ciki, saboda hawa da sauka daga kwalekwale.

1. Fara da takarda kafin ka biya ko riyal ɗaya

Kamfanin jirgi zai karɓi kuɗinka ba tare da ya tambaye ka launin fasfonka ba, kuma a cikin yarjejeniyar an rubuta cewa biza nauyinka ce. Mai fasfon Saudiyya ba shi da wata damuwa sosai. Mai fasfon Najeriya kuwa yana buƙatar bizar Masar tun kafin ya tashi, Jodan kuma tana cikin ƙasashen da ke neman a ba ɗan Najeriya izini tukuna, ba a buga masa a bakin tasha kamar yadda ake yi wa Turawa. Duka ƙasashen biyu suna da ofishin jakadanci a Jidda. Je da jadawalin jirgin a hannu, ka faɗa musu ta ruwa za ka shiga kuma ta wace tasha. Mai fasfon Nijar ko Chadi ko Sudan shi ma ya bi wannan hanyar, kada ya dogara da "ai wane ya je bara ba a tambaye shi ba". Na taɓa ganin wani Alhaji da aka bari ya hau jirgi, amma da aka isa Safaga, tashar Masar da ake sauka don zuwa Luksor, 'yan shige da fice suka riƙe fasfonsa. Yana tsaye a baranda da kofin shayi yana kallon motocin Luksor suna tashi da iyalinsa, ya wuni a jirgi shi da ma'aikata.

Huruj da auda ta Absher, manhajar gwamnati, ake yin ta. Ta fita sau ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, ta fita da yawa riyal 500 na wata uku. Ga inda ake tuntuɓe: ɗauki jadawalin ka ƙirga sau nawa jirgin zai bar ruwan Saudiyya ya dawo. Idan zai tashi daga Jidda ya tsallaka Masar, ya dawo Yanbu, ya sake haurawa Akaba ta Jodan, to fita biyu ke nan, ta sau ɗaya ba za ta kai ka ba. Tun 2021 ma'aikacin kamfani yana iya neman bizar da kansa, amma direban gida da mai aikin gida har yanzu sai ta hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya musu. Ta matarka da 'ya'yanka kai ne za ka fitar musu, kowa da tasa.

Baƙon da ya zo da bizar Umra kada ka saya masa tikiti, sai mai bizar da ke ba da damar shiga sau da yawa. Wanda kuma takardun zamansa ba su cika ba, ya bar zancen nan gaba ɗaya, domin a tashar jirgin ruwa ma Jawazat, 'yan shige da fice, ne ke zaune, da injin ɗan yatsa.

2. Zaɓi lokaci, ka tabbatar jirgin zai zo

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin tafiyar. A bazara Luksor tana wuce digiri 40, kuma babu inuwa a Kwarin Sarakuna, inda kaburburan Fir'aunoni suke. Duba kalandar Musulunci kada azumi ya same ka kana hawan duwatsun Petra, tsohon garin da aka sassaƙa a jikin dutse a Jodan.

Tun Nuwambar 2023 da aka fara kai wa jirage hari a kudancin Bahar Maliya, kamfanoni da dama sun soke zuwansu yankin, wasu suka riƙa zagayawa ta ƙasan Afirka. Saboda haka kada tsohon talla a intanet ya ruɗe ka. Shiga shafin kamfanin da kansa ka ga ranar tashi ta bana, kuma a rubuta maka cewa idan su suka soke za su mayar maka da kuɗinka tsaba, ba takardar bashi ta wata tafiya ba. Ɓangaren Sudan kuwa a rufe yake ga irin waɗannan jirage tun yaƙin Afrilun 2023. Abin takaici ne, domin Sawakin, inda kakanninmu masu Hajjin ƙasa suke hawa jirgi su tsallako Jidda, ta fi kowace tasha kusanci da tarihinmu.

Idan a shekarar ba ƙaramin jirgin da ke tashi daga Jidda, nemi wanda ke tashi daga Akaba ko Ain Sukna ta Masar ka tarar da shi ta jirgin sama. In hakan ma bai samu ba, ɗauki babban ɗaki a babban jirgi, ka yi hayar mota da jagora naka na kanka a kowace tasha.

3. Karanta jadawalin da agogo a hannu

Wuraren da ake buga hotonsu a talla kusan duk ba a bakin ruwa suke ba. Petra tana da nisan awa biyu a mota daga Akaba. Luksor awa uku da rabi ce daga Safaga, ta hanyar Kina. Hijir, wato Mada'in Salih, ta wuce kilomita 300 daga Yanbu. Alƙahira kusan awa biyu daga Ain Sukna. To sai ka yi lissafi: jirgin da zai tsaya awa 12 a Safaga, bakwai sun tafi a hanya, ɗaya a cin abinci, saura huɗu ka raba tsakanin haikalin Karnak da Kwarin Sarakuna na ƙetaren Nilu. Gudu za ku yi ta yi. Wanda zai kwana a tasha, ko ya kwanar da ku a otal a Luksor, shi ne ya cancanci kuɗinsa ko da ɗakinsa bai kai na wancan ƙawa ba. Ni duk jadawalin da bai ba Safaga kwana ba, kuma bai ba Akaba yini da dare ba, ba na kai wa mutanena shi.

Nan ne ƙaramin jirgi ya yi wa babba fintinkau. Mota uku ko huɗu sun kwashe ku duka, cikin minti 20 kun bar tasha, kun isa wurin kafin taron dubban mutane ya iso.

4. Ɗaki da kuɗi

Farashin da ka gani na mutum ɗaya ne idan biyu za su kwana a ɗakin. Mai tafiya shi kaɗai ana ƙara masa, wani lokaci har ninki. Akan biya kafin alƙalami wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, a cika sauran wata uku ko huɗu kafin tashi, kuma daga nan in ka fasa asararka tana ƙaruwa kullum. Da dala ko yuro ake lissafi. Dala ɗaya riyal 3.75 ce.

Idan an ce "komai na ciki", tambayi mene ne komai ɗin. Fita Petra da Luksor na ciki? Kuɗin hasafin ma'aikata fa? Intanet da wanki? Wani kaso na tsadar waɗannan jirage kuɗin giya ne, wanda kai ba ruwanka da shi, saboda haka gara ka zaɓi kamfanin da ya sa yawon tudu a cikin farashi.

A arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take busowa kusan duk shekara, don haka hawa daga Jidda zuwa Akaba jirgi yana karo da igiyar ruwa, ƙarami kuma ya fi babba jin ta. Mai saurin jiri ya ɗauki ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa. Ɗakunan sama na gaba su ne mafi tsada, kuma su ne suka fi jijjiga. Mai juna biyu da cikinta ya kai mako 24 ba a ɗaukar ta, wasu jiragen kuma ba sa karɓar ƙananan yara, sai a tambaya tun wuri.

5. Aika buƙatar abinci a rubuce

Wata biyu kafin tashi ka sanar cewa naman halal kake so, domin tun kafin tafiya suke sayen kayan abinci. Ka ce a kwashe barasa daga firijin ɗakinka. Daren farko ka nemi shugaban masu hidimar abinci ka faɗa masa da bakinka, don miyar Turawa da kayan zaƙinsu sau da yawa akwai giya a ciki, romo kuma wani lokaci da ƙashin alade. In naman bai kwanta maka ba, kifi da jatan lande suna nan kullum. Riƙo yajinka a kwalba, za ka gode mini a kwana na uku.

6. Abin da ba ya shiga jaka

Hajiya, kaskon turaren wuta ya zauna a gida, har da na lantarkin. Ba abin da jirgi ke tsoro kamar gobara, kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi a silin, kuma ana haska jakunkuna kafin su hau. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Dutsen guga, butar lantarki da kyandir su ma karɓewa ake yi. Goro ba a shigowa da shi Saudiyya, kada ka saya a hanya ka dawo da shi. Tramadol kuwa a Masar ɗauri ake yi a kansa, haka ɗan jirgin ɗaukar hoto mai tashi sama ba a shiga da shi sai da izini.

7. Ranar tashi

In daga Makka ko Madina kake, jirgin ƙasa na Haramain zai kawo ka Jidda, amma ka zo tun ana gobe tashi. Sau da yawa ba a barin motar gida ta shiga tashar jiragen ruwa ta Jidda, akan tara fasinjoji a wani wuri a kwashe su a bas, don haka karanta takardar hawa ka ga inda aka ce. Fasfo, magani da kayan sawa na yini ɗaya su zauna a jakar hannu, manyan akwatuna sai yamma suke isa ɗaki.

Za su karɓi fasfonka su ajiye, su ba ka kati wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarka, shi ne kuɗinka. Ɗauki hoton fasfon a waya kafin ka miƙa. Atisayen ceto dole ne ga kowa: ƙaho gajere sau bakwai da dogo ɗaya, ka san inda rigar ceto take da inda za ku taru. Da jirgi ya bar gaɓa ka kashe layin wayarka ka bar wayfai kawai, domin layin teku yana cinye kuɗi ko ba ka taɓa wayar ba. Maganin jiri, irin Dramamine ko Stugeron, tun kafin tashi ake sha, in an bari sai amai ya fara ya makara. Wanda ba ya son ƙwaya ya tauna citta, ya fita waje ya kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa.

Salla: alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi. Talabijin ɗin ɗaki yana nuna inda jirgin ya dosa, da shi da manhajar waya za ka gane. Kai matafiyi ne, kana da kasaru. In jirgi na tangaɗi har ba ka iya tsayuwa, ka zauna.

8. A tudu

Kowane dare za a kawo takardar gobe. Abu biyu za ka ɗauki hotonsu: lokacin da kowa zai kasance a jirgi, yawanci rabin awa kafin tashi, da lambar wakilin jirgin a wannan tashar. A hunturu Masar tana bayan Saudiyya da awa ɗaya, Jodan kuwa agogonmu ɗaya, kai dai bi agogon jirgi. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za ta jira fasinja ya gama ciniki. In da motar kamfani ka fita kuka makara zai jira, in da tasin kanka ne, za a bar maka fasfonka wurin wakili ka san yadda za ka yi.

Jidda: kada ka ce ai garinmu ne. Bi jagoran cikin Balad, tsohuwar unguwar garin, ko sau ɗaya, ka ji bayanin Gidan Nasif da rawashin, tagogin katakon nan, da gidajen da aka gina da dutsen murjani. A 2014 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya, mu kuwa sayen atamfa da turare kawai ke kai mu.

Yanbu: tsohuwar unguwar bakin ruwa da kasuwar dare awa biyu sun ishe su. Shawarata ga mazaunin Saudiyya, kada ka ƙona yinin a hanyar Ula, inda Hijir take. Kai da za ka iya zuwa da motarka ka kwana biyu, bar wa baƙi wannan gudun, ka nemi mota zuwa Badar. In ka je Hijir daga baya, za ka ga kaburbura fiye da 100 da Nabatawa, mutanen da suka gina Petra, suka sassaƙa a jikin dutse, wurin da ya fara shiga jerin UNESCO a ƙasar nan a 2008. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga gidajen Samudawa, mutanen Hijir na da, sai ana kuka da tsoron Allah, kuma malamai sun yi magana a kan ziyarar. Tambayi malaminka tun kana gida, ba sai bas ta tsaya ba a fara gardama.

Akaba da Petra: ku tashi da motar farko. Petra a kan tudu take, sanyin safiyar Janairu yana shiga ƙashi, ga amfanin rigar sanyin. Daga ƙofa za ka gangara ka shiga Sik, tsagin dutse mai tsawon kilomita 1.2. Wani wurin faɗinsa bai wuce mita uku ba, bango ja da ruwan hoda ya tashi sama ta kowane gefe, a gindinsa kuma ga magudanar ruwan da Nabatawa suka fafe tana biye da kai a daidai ƙugu. Kana cikin duhu-duhu sai ka hango tsiri na haske da rabin ginshiƙi a ciki, taku goma kuma ga Kazna a gabanka, ginin da aka sassaƙa a fuskar dutse, tsayinsa kusan mita 40. Yawancin mutane nan suke tsayawa su koma, alhali garin yana gaba: gidan kallo, kaburburan sarakuna, titin ginshiƙai. Dair, wani babban ginin dutse irin Kazna, tana can sama, matakala wajen 800, mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura. Dawowa hawa ce, ka ware mata awa guda. Dattawa su biya motar lantarki da ke kai wa har Kazna. Dokin da za a ce maka yana cikin tikiti, mai shi zai tsare ka da neman hasafi, ku yi ciniki kafin ka ɗora ƙafa. In hadari ya haɗo aka ce a fita daga Sik, a fita, ambaliya ta sha cin rayuka a wurin.

Safaga da Luksor: Karnak tukuna, zauren ginshiƙai 134, da safe kafin rana ta take. A Kwarin Sarakuna tikiti ɗaya kabari uku yake buɗe maka. Na Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, tikitinsa daban ne, kuma ɗan ƙarami ne, zinaren duk an kwashe shi zuwa gidan tarihi. In za ka ƙara kuɗi, ƙara a na Ramsis na Shida, rufinsa kaɗai ya biya ka. Wuraren tarihin Masar da yawa yanzu kati kawai suke karɓa a wurin tikiti, amma ka riƙe canjin fam ɗin Masar don banɗaki da masu gadi. A cikin haikalin Luksor akwai masallacin Abul Hajjaj, an gina shi a kan ginin Fir'aunoni kuma har yau ana salla a ciki, nan nake kai mutanena mu yi Azahar da La'asar.

Sharm el-Sheikh ta Masar: majami'ar Santa Katarina ta ƙarni na 6, a gindin dutsen da ake kira Jabal Musa, kusan awa uku ce a mota, da safe kawai ake buɗe ta, kuma ba a shiga Juma'a da Lahadi. In ranar bai dace ba, zauna ka huta.

9. Dawowa

Daren ƙarshe ka nemi lissafinka a takarda ka bi shi layi-layi, musamman in ka ga likitan jirgi, domin kuɗinsa daban ne, kuma rasit ɗinsa inshora za ta nema. Gyara a jirgi minti biyar ne, bayan an sauka sai wasiƙu. Akwatuna a ƙofar ɗaki ake ajiye su kafin a kwanta, sai ka ware kayan da za ka sa da safe.

Wanda ya ƙulla niyyar wucewa Umra daga jirgi, kuma ba mazaunin cikin miƙati ba ne, ya sani mai gangarowa daga arewa ta ruwa yana ɗaukar harami ne a saitin Juhfa, kusa da Rabig. Sau da yawa cikin dare ake wuce wurin. Tun da yamma ka je teburin karɓar baƙi su tambayar maka matuƙa ƙarfe nawa za ku yi saitin Rabig, ka yi wanka, ka cire haraminka daga akwati kafin a kwashe shi, ka sa ƙararrawar waya rabin awa kafin lokacin.